Kabarin Manjo Nzeogwu a Kaduna

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na Tsofaffin Ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta)



Da farko ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan ɗaki, inda a da muke shigowa a layi ana duba mana farce da wuyan riga. Sa'an nan ina godiya ga kwamiti da ya ga dacewar in tsaya a gabanku. Ran da Sakatare ya bugo mini waya ya ce an ɗora mini jawabi a kan matasa da shugabanci, na ce masa ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da na iya shi ne in rubuta takarda in tura gaba a sa hannu. Sai ya ce ba shawara ya kira mu yi ba, umurni yake ba ni, kamar yadda ya saba tun yana monita. To, na karɓa, amma na roƙi alfarma guda, watau a bar ni in yi magana a kan saurayi ɗaya tak, da yadda ya mutu, da yadda aka binne shi.

Na san sunan da zan ambata ba mai daɗin ji ba ne a wannan ɗaki, saboda haka ina neman afuwar dattawa tun kafin in faɗe shi. Sunan kuwa shi ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci sojojin da suka kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Yawancinmu nan muka tsaya da saninsa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kabarinsa a Kaduna yake, kuma da cikakkiyar karramawar soja aka sa shi a ciki.

An haife shi a Kaduna ranar 26 ga Fabrairu, 1937. Iyayensa mutanen Okpanam ne, wani gari da ke dab da Asaba a Jihar Delta ta yanzu. A Kaduna ya tashi, a nan ya yi firamare, ya kuma yi sakandare a Kwalejin St. John, wadda ita ce Kwalejin Rimi ta yau. Yana jin Hausa kamar ni da ku, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Kaduna, sunan ya bi shi. Ya shiga soja a 1957, ya yi horo a Teshie ta ƙasar Gana, daga nan ya wuce makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya fito a 1959. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, daga baya ya zama babban malami a Kwalejin Horon Soja ta Kaduna. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida ba ya shan giya, ba ya shan taba, bai yi aure ba, kuma ba ya wasa da zuwa coci. In da a makarantar nan ya yi karatu, irinsa ne malamai ke nuna mana su ce mu yi koyi da shi.

Wannan saurayi, yana da shekara 28, shi ne ya fitar da sojoji da sunan atisayen dare wanda aka kira Damisa, ya juya da su gidan Firimiya kafin asubahin Asabar, 15 ga Janairu, 1966, a cikin watan azumi. Aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A daren nan kuma, a Kaduna ɗin, aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, da Kanar Shodeinde. A Ikko abokan shirinsa suka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, da Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da Yakubu Pam, da Arthur Unegbe. A Badun aka kashe Firimiya Akintola. Da rana ta yi Nzeogwu ya yi jawabi ta Rediyon Kaduna, ya lissafa waɗanda ya ce su ne abokan gaban ƙasa, cikinsu har da masu cin hanci da masu neman a ba su kashi goma cikin ɗari na kowace kwangila. Ku riƙe mini wannan maganar ta kashi goma, zan dawo kanta.

Juyin mulkin bai yi nasara a Ikko ba. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, bayan 'yan kwanaki Nzeogwu ya miƙa wuya, aka tsare shi a Kirikiri, daga baya aka mai da shi gidan yari a Gabas. Ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotun soja ba, wannan kuwa ya ci wa mutanen Arewa rai ƙwarai. Abin da ya biyo baya kun san shi: Doka ta 34 a watan Mayu wadda ta rushe tsarin jihohi, da tarzomar araba, da juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli inda aka kashe Ironsi da Fajuyi, da kisan dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwanmu na Arewa a watannin Satumba da Oktoba. Wannan na ƙarshe ba mu cika son ambatonsa ba, amma ya faru, kuma a titunanmu ya faru. Aka je Aburi a Janairun 1967, sulhu bai ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ranar 30 ga wata Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Ojukwu ya riga ya saki Nzeogwu tun watan Maris na 1967, amma bai saki jiki da shi ba. A wata hira da Nzeogwu ya yi da ɗan jarida kafin yaƙi, ya nuna ba ya goyon bayan a raba ƙasa. Duk da haka da wuta ta kama, a ɓangaren Biyafara ya sami kansa. Nsukka ta faɗa hannun sojojin tarayya a tsakiyar watan Yuli, shi kuma ya riƙa fita da 'yan tsirarun mutane da dare yana kai farmaki a kewayenta. A irin wannan fita ce sojojin tarayya suka yi masa kwanton ɓauna suka harbe shi, ranar 29 ga Yuli, 1967, shekara ɗaya cif da juyin mulkin ramuwa. Yana da shekara 30. Yaƙin bai cika wata guda da farawa ba, ga kuma wata 29 a gaba waɗanda bai gani ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai wannan ruwan bai tsaya a kan tsuntsun kaɗai ba.

To, jama'a, ga inda nake so mu tsaya. Da aka gane gawar, Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya ba da umurni a binne ta a maƙabartar sojoji da ke Kaduna, da cikakkiyar karramawa. A al'adar soja wannan na nufin a lulluɓe akwati da tutar ƙasa, a yi fareti, a harba bindigogi sama, a busa begila. Watau garin da aka haife shi, garin da ya zubar da jinin Firimiyansa, shi ne ya karɓi gawarsa. Sardauna da Hafsatu ma a Kaduna suke kwance. Ƙasa ɗaya ce ta rufe su duka.

Ban ji wannan labari a aji ba. Ina jami'a na ci karo da shi, kuma ran da na karanta shi ban iya cin abincin dare ba. Bari in gaya muku dalili, ko da yake ban taɓa gaya wa ko abokan kwanana na makarantar nan ba.

Mahaifina yana da wa, ɗan farin kakata. A damanar 1967 yana ɗan malamin ofis a En'e, bai wuce shekara 21 ba, sai aka yi shelar ɗaukar soja. A lokacin haka samari suka riƙa tururuwa, domin sojan Nijeriya da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa. Baffana ya ajiye alƙalami ya tafi. Bayan ɗan gajeren horo aka tura su kudu, ya kasance cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoba na shekarar. An riga an karya gada, sai a jiragen ruwa, ga kuma wuta daga ɗaya gaɓar. Bai dawo ba. Sai bayan yaƙi wani abokin tafiyarsa ya zo har gida ya ce a gabansa jirginsu ya nutse. Aka yi masa sallar ga'ibi, aka yi sadaka, maza suka ɗauki haƙuri.

Kakata kuwa ba ta taɓa yarda a ce masa marigayi a gabanta ba. Da ma ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, "yaron nan" take cewa. Duk tsohon sojan da ya zo garinmu sai ta aika a kira mata shi, ta ba shi fura, ta tambaye shi ko ya taɓa gamuwa da yaron nan a can wajen yaƙin Ojukwu. Ta ce in da ya mutu ai da an nuna mata inda aka sa shi. Haka ta yi ta jira fiye da shekara talatin, har ta rasu ina aji uku a makarantar nan. Wasunku za su tuna ranar da aka zo aka ɗauke ni ana tsakiyar jarrabawa.

Saboda haka da na karanta labarin kabarin Nzeogwu, abin da ya faɗo mini a rai shi ne: wanda ya kunna wutar ya sami tuta da begila da kabari mai suna, baffana da ya tafi kashe ta ko makara bai samu ba. Na daɗe ina ɗauke da wannan haushi, har ina ganin abin da Gowon ya yi cin fuska ne ga Arewa. Kuma ba ni kaɗai ba ne mai irin wannan zafin. Malamanmu za su tuna ƙurar da ta tashi a Arewa a 1987, lokacin da Janar Obasanjo ya fitar da littafi a kan abokin nasa.

Ana nan sai takardar bautar ƙasa ta fito, ta jefa ni Jihar Delta, wata makarantar sakandare kusa da Asaba. Mahaifina da ya ga takardar bai ce komai ba, sai da zan tafi ya ce in na ga ruwan in yi wa baffana addu'a. Na je, na tsaya a kan gada, na yi. Ruwan faɗi gare shi, jama'a, har mutanen ɗaya gaɓar sai ka ga kamar tururuwa. Na tuna ɗan garinmu ne, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, aka sa masa takalmin soja da bindiga a cikin wannan kogi.

A makarantar akwai wani dattijo mai kula da ɗakin karatu. Ya yi yarinta a Arewa, yana jin Hausa, ya riƙa kirana ɗansa, ran Lahadi matarsa ta aiko mini da abinci. Wata rana na ba shi labarin baffana. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce gobe zai kai ni wani wuri. Ya kai ni unguwar Ogbe-Osowa, inda a ranar 7 ga Oktoba, 1967 sojojin tarayya suka ware maza daga cikin jama'ar da ta fito tarbarsu, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu, aka tura su a manyan ramuka. Ya ce mahaifinsa da wansa suna nan ciki, bai san ko wane rami ba. Bai zage ni ba, bai zagi Arewa ba. Da muna komowa ya nuna mini hanyar Okpanam, ya ce, "Ɗan garin can yana ƙasarku, ɗanku yana ruwanmu. Ka ga an yi musayar amana ke nan."

Tun daga ranar na fara duba umurnin Gowon da wani ido. Gowon ba baƙo ba ne ga zafin 15 ga Janairu. Maimalari da Kur da Largema da Pam manyansa ne kuma abokan aikinsa, da yawansu ma Kwalejin Barewa ce ta haɗa su. In akwai wanda ke da dalilin barin gawar nan ga ungulu, to shi ne. Amma hujjar da gwamnatinsa ta shiga yaƙi da ita ita ce Nijeriya ɗaya ce, kuma waɗanda ke ɗaya gefen 'yan ƙasa ne da suka yi tawaye. Shi ya sa da farko ma aka kira yaƙin aikin 'yan sanda, aka kuma buga wa sojoji ƙa'idojin yadda za su bi da fursunoni da farar hula, ko da yake Asaba ta nuna ba ko'ina aka bi su ba. Wanda ya ce ɗan tawaye ɗan ƙasa ne, dole ya yarda gawarsa ma ta 'yar ƙasa ce. Wannan tunani ne ya sa ranar 15 ga Janairu, 1970, da Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan, shekara huɗu daidai da kisan Sardauna, Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Ba a kafa kotunan rataye mutane ba. Shehu Shagari, ɗan lardin Sakkwato kuma almajirin siyasar Sardauna, shi ne ya yafe wa Ojukwu a 1982 ya dawo gida, kuma da Ojukwu ya rasu a 2011, shi ma da karramawar soja aka binne shi a Nnewi a 2012.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na wanke Nzeogwu. Ban wanke shi ba, kuma ba ni da ikon yafe jinin da ba nawa ba. Kashe dattijo da matarsa a cikin gidansu a watan azumi ta'asa ce, ko wane irin jawabi aka yi bayanta a rediyo. Abin da na fahimta kawai shi ne suturta gawa daban, hukunta laifi daban. Na farko aikinmu ne mu rayayyu, na biyun ya riga ya koma gaban Wanda ba a ɓoye masa komai. Malaman addininmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, domin shi ma rai ne. 'Yan'uwanmu Kirista da ke ɗakin nan su ma suna da irin wannan koyarwa. Yanzu haushina ya tashi daga kan kabarin da aka haƙa wa mutum ɗaya, ya koma kan kaburburan da ba a haƙa ba. Mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce mutum 500,000 yaƙin ya ci, wasu sun kai shi miliyan biyu, akasarinsu yaran da yunwa ta kashe a Gabas. Kowane ɗaya yana da uwa irin kakata.

Mai girma Shugaba, bari in koma kan abin da Sakatare ya umurce ni, watau matasa da shugabanci. Nzeogwu yana da shekara 28 ya yi juyin mulki. Gowon yana da 31 ya zama shugaban ƙasa. Murtala Muhammad yana da 27 a Yulin 1966. Ojukwu yana da 33 ya yi shelar Biyafara. 'Yan ajinmu, mun girme su duka a lokacin, ko kuwa sa'o'inmu ne. Ilimi bai gaza musu ba, kishi ma bai gaza ba. Abin da ya faru shi ne saurayi mai ilimi ya tabbatar wa kansa shi kaɗai ya ga gaskiya, ya yanke hukunci cikin dare, bai tsaya ya lissafa wanda zai biya bashin ba. Baffana ya biya, mahaifin dattijon nan na Asaba ya biya. A yau ina karanta abin da wasu daga cikinmu ke rubutawa a Facebook da zaurenmu na WhatsApp duk lokacin da rikici ya tashi, masu cewa a raba kowa ya kama gabansa, masu cewa gara soja su dawo, masu kiran wata ƙabila da sunan da ba za su so a kira tasu ba. Masu rubuta haka ba su taɓa zama kusa da tsohuwar da ke jiran ɗanta ba.

Sai maganar kashi goma da na ce ku riƙe mini. Wannan ta shafe mu, mu ma'aikata. Cin hancin da Nzeogwu ya fake da shi ba ƙarya ba ne, akwai shi, kuma da yawa daga cikin juyin mulkin da suka zo bayansa sun fake da shi. Harsashi bai kashe shi ba, ga shi nan da ransa, mu da ke zaune a ofisoshi mun sani. Duk fayil ɗin da muka danne sai an ba mu goro, duk ɗan fanshon da muka sa ya yi ta zarya, duk gurbin aikin da muka sayar, hujja muke tara wa wani saurayi mai zafin kai wanda ba mu san shi ba tukuna. Ina faɗa wa kaina wannan kafin in faɗa muku.

Daga ƙarshe ina da roƙo biyu ga ƙungiya. Na ɗaya, a zamaninmu mun ga yadda darasin tarihi ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa daga jadawali. Ina roƙon mu sa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi kowa a tarihi, mu kuma ɗauki nauyin mota ta kai 'yan aji shida Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, su ga wurin da idonsu. Na biyu, 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin nan duk sun haura saba'in, kullum raguwa suke yi. Kowannenmu in ya koma gida ya nemi ɗaya, ya zauna da shi, ya rubuta sunayen 'yan garinsu da suka tafi ba su dawo ba, ya aiko wa Editan mujallarmu. Ba mu iya haƙa musu kabari, amma muna iya ba su shafi. Ni zan fara kawo sunan baffana, sunan da kakata ba ta taɓa faɗa ba.

Malamanmu, in na yi kuskure ku gyara mini kamar yadda kuka saba, da jan biro. Allah ya jiƙan Sardauna da Hafsatu da Tafawa Ɓalewa da sauran waɗanda suka riga mu, ya jiƙan kakata da ɗanta, ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka rasu. Allah kada ya maimaita mana irin wannan, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.